Alƙibla a Tsibirin Kunkuru

A shekarar da tsohuwar Sarauniyar Ingila ta rasu, lokacin da mutane suka yi kwanaki suna bin layi a bakin kogi don su wuce ta gaban akwatin gawarta, a shekarar ne babbar ’yarmu ta saya mana tikitin tafiya hutu, ni da mahaifiyarta. Wata uku ke nan da na ajiye aikin rediyo, ina zaune a gida a unguwar Barking ta Landan ina damun kowa da gyaran abin da bai lalace ba. Ta zo ranar wata Asabar ta yi mana bayani da Turanci, kamar yadda ta saba, mu kuma muna amsa mata da Hausa.

“Malam, ta riga ta yi booking, ba sauran gardama,” in ji Hajiya, maiɗakina. “Kwana goma. Wai wani tsibiri ne can cikin teku, bayan Madagaska. Mauritius.”

Na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Ban taɓa zuwa wurin ba, amma na shekara talatin da biyar da sanin sunansa, kuma akwai hakkin wani mutum a kaina game da shi.

Ga yadda abin yake. Na zo Landan ina saurayi, a shekarar da wata guguwa ta tumɓuke manyan itatuwan garin. Na zo da karatun zaure na Zariya a kaina: na sauke Alƙur’ani, na zauna gaban malamai na ɗauki fiƙihu, kuma da ajami na fara rubutu, har yau da shi nake rubuta abin da ba na so in manta. A lokacin masu jin Hausa ba su da yawa. Mu bakwai ne muke haɗuwa ranar Lahadi a ɗakin wani bawan Allah a Tottenham, mu ci tuwo, mu yi Azahar da La’asar tare. Mai ɗakin shi ne limaminmu. Mutumin zangon Kumasi ne, ya daɗe yana aiki a ɗakin injin jiragen ruwa kafin ya sauka ya zauna. Baba muke kiransa, ko da yake bai kai hamsin ba. Rigar sanyin da na fara sawa a ƙasar nan shi ya cire daga jikin ƙusa ya ba ni.

A Lahadina ta uku ya shimfiɗa tabarma a karkace, tana kallon kusurwar da ke tsakanin taga da ƙofa. Ni kuwa na riga na lura da inda rana ke fitowa a unguwar.

“Baba, ai wannan ka karkata kudu,” na ce. “Gabas ga ta nan.”

“Malam, alƙibla ba shi ne gabas ba,” ya ce da irin Hausarsu ta zango. “Alƙibla Ka’aba ne. Inda ƙafanka yake tsaye, shi zai gaya maka ina za ka duba. Ni na yi salla a wani tsibiri, sunansa Mauritius, fuskana na kallon arewa, rana ya fito ta bayan kunnena na dama. Duk masallacin garin haka suke. A can ne ma na ga kunkuru wanda na zauna a bayansa, ya tashi da ni ya yi tafiya.”

Da ya tsaya a maganar alƙibla, da wataƙila na yi shiru. Amma wani ya yi dariya da jin kunkurun, ni kuma na ga ƙofa ta buɗe. Na juya na dubi sauran na ce, “Jama’a, wanda ya yi sukuwa a kan kunkuru, shi ne zai nuna mana alƙibla?”

Ɗakin ya kece da dariya. Aka juya tabarma, aka tura ni gaba tunda ni ne mai karatu. Baba ya tsaya a bayana ya bi ni sallar.

Ba a yi shekara ba wani ya kawo takarda daga babban masallaci, mai nuna alƙiblar Landan. Sai aka mayar da tabarma kusurwar Baba, shiru, ba wanda ya ɗaga zancen. Limanci dai ya zauna a hannuna, tsokanar kuma ta zauna a kansa. Yaran da aka haifa daga baya sun tashi suna ce masa Baba mai kunkuru, ba su san mafarin abin ba. Na san ya yi gaskiya a kan Landan, sai na riƙe ragowar labarin na jingina da shi. Ko na ga manyan kunkuru a talabijin sai in ce a raina, girma daban, ɗaukar ƙato irin Baba daban. Taswirar duniya kuwa tana rataye a ofishinmu shekara da shekaru, ban taɓa tsayawa na ɗora yatsa na auna ba. Na san dalilin da ya hana ni.

Ana saura kwana biyu mu tashi na je yi masa sallama, kamar yadda ake yi wa manya. Ya kai tamanin, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a hawa na uku. Na tarar da kwalaye jere a bakin ƙofa.

“Liman! Shigo. An ce za ka garin abokaina.” Ya yi dariya har da tari. “In ka je ka gaishe mini da dokina. Ka ce masa mai shi ya tsufa.”

Maganar da ya kamata in faɗa ta zo har bakina, ta koma. Abin da na iya cewa shi ne, “Allah ya sa mu dawo mu same ku lafiya, Baba.”

“To ka yi sauri dai. Yara sun yanke mini tikiti, ƙarshen Disamba ina Kumasi. Sanyin nan ya gama da ƙashina, ba zan dawo ba.”

Da wannan na hau jirgi.

Mun yi kusan awa goma sha biyu a sama. Ɗakin da aka ba mu tagarsa na kallon teku, kuma da Asubar farko ban yi wani tunani ba, na shimfiɗa darduma wajen da haske ke shirin ketowa. Jiki ne ya yi aikinsa na shekara sittin. Hajiya ta ɗora wayarta a ƙasa, kibiyar ta yi ’yar rawa, ta juya hagu, ta wuce, ta tsaya tana nuna akwatin rataye tufafi.

“Ƙarfen ginin ne yake ruɗa ta,” na ce.

“To mu fita waje mu gwada,” in ji ta.

Ban fita ba. Na juya dardumar. Muna zaune muna lazimi bayan sallama, hasken ya taso ya sauka mini a bayan kunnen dama.

A kwana na uku muka ɗauki mota zuwa gidan namun daji da ke kudancin tsibirin. Hanyar kanta abin kallo ce. Rake ne dama da hagu, kore shar, iyakar ganin ido, da tarin baƙaƙen duwatsu a tsakiyar gonaki, waɗanda manoman farko suka tsince da hannu kafin ƙasar ta nomu. Duwatsun nesa kuwa masu tsini ne, kamar an fere su da wuƙa. A kan titi guda za ka wuce ɗakin ibadar Hindu mai fenti kala-kala, ka wuce coci, ka wuce masallaci, da mai sayar da abarba a tsakani. Ruwa ya sauko mana sau biyu, kafin mu rufe gilashi ya ɗauke.

Gidan namun dajin yana cikin wani kwari mai duhuwa, ko’ina danshi da ƙamshin ganye. Gora ta yi tsayin da sai ka dafe hula kafin ka ga ƙarshenta. Mun fara da kadoji, suna kwance baki buɗe ba motsi, har Hajiya ta rantse na siminti ne, sai ɗaya ya lumshe ido. Muka ga jemagu da rana tsaka, kowane ya kai shirwa, suna rataye sun naɗe kansu cikin fukafukai, fuskarsu kamar ta ɗan kwikwiyo. Wani biri ya biyo mu ta kan shinge yana kallon jakar Hajiya da idon ɗan kasuwa. Ina tafe ina tasbihi, don ban san wata magana da ta dace da wurin ba.

Daga nan hanya ta fito da mu wani fili mai inuwa. Na hango abubuwa birjik a ƙasa, na ɗauka irin baƙaƙen duwatsun gonaki ne. Sai dutse ɗaya ya miƙo wuya.

Na tsaya cik. Sun fi ƙarfin in ƙirga, manya da ƙanana, wasu cikin taɓo, wasu sun haɗa kai a kan tarin ganye. Babban cikinsu bayansa ya kai mini kusan ƙugu, ƙwaryarsa kamar an kife babban kaskon suya. Ƙafafunsa irin na giwa ne, masu ɓawo. Idan ya ja numfashi sai ka ji kamar zugazugin maƙeri. Ya ɗago ya dube ni da ƙananan idanu masu ruwa, ba tsoro, ba gaggawa, ya koma kan ganyensa.

Mai kula da su wani siririn mutum ne, asalin kakanninsa daga Indiya, da takalmin roba har gwiwa da damin ganye a kafaɗa. Da ya ga hulata sai ya yi mana sallama, muka gaisa, muka ci gaba da Turanci. Ban taɓa ganin mai aiki da natsuwa irin tasa ba. Ba ya kiran su, ba ya tura su. Sai ya durƙusa gefen ɗaya ya sa yatsu a ƙarƙashin wuyansa yana susa a hankali. Kunkurun ya daina tauna, ya miƙe kan ƙafafunsa huɗu har cikinsa ya bar ƙasa, ya miƙa wuya sama ya sandare, ido a rufe. A lokacin ne mutumin yake duba fatarsa da hammatarsa ko akwai ciwo ko ƙwaro. Ya ce haka mahaifinsa ya koya masa, shi ma aikin da ya yi ke nan har ƙarfinsa ya ƙare, kuma wannan babban ya girmi mahaifin nasa nesa ba kusa ba. Ya ce kunkurun asalin tsibirin sun ƙare tun da daɗewa, ma’aikatan jiragen ruwa na zamanin da ne suka cinye su, don ana loda su a jirgi su yi watanni da rai ba ci ba sha. Waɗannan daga wani tsibiri aka kawo kakanninsu.

Ya kama hannuna ya ɗora a wuyan babban. Fatar tana da laushi da ɗumi, ba yadda na zata ba. Na susa, ya miƙe mini. Ni da na wuce sittin, sai ga ni ina dariya ni kaɗai.

Hajiya ce ta yi tambayar. “Zai iya ɗaukar mutum?”

Mutumin ya yi murmushi. Ya ce yanzu an hana, don yana cutar da bayansu, kuma shi da kansa yake korar masu gwadawa. Amma a zamanin mahaifinsa, duk jirgin da ya tsaya a tashar ruwa sai ma’aikatansa sun zo sun hau. Ya ja mu zuwa rumfar da yake ajiye abincinsu ya nuna mana wani tsohon hoto marar kala da ke manne a bango. Wani ƙaton mutum ne da hular ma’aikatan jirgi, zaune daram a bayan kunkuru, ƙafafunsa sun bar ƙasa, kunkurun kuwa ya ɗaga ƙafa ɗaya yana tafiya. Ba Baba ba ne, Bature ne. Amma na daɗe ina kallon hoton. Hajiya ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini nauyi da a ce ta duba.

Azahar ta yi muna nan. Mutumin ya kai mu bayan rumfar, inda yake da famfo da ɗan dandamalin siminti da tabarma. Ya ga ɗan littafin da nake rubutun ajami a ciki, ya karɓa yana haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, suna fita a bakinsa daidai amma bai gane ko kalma ba. Ya miƙo mini yana dariya, ya ce tunda ni malami ne in wuce gaba. Na ce a’a, shi zai ja mu. Ya tsaya ya fuskanci arewa, ya ɗan karkata yamma, ba tare da ya duba waya ko rana ba. Na tsaya a damansa, Hajiya a bayanmu. Ta bayan shinge ina jin wani kunkuru yana tauna kara, ƙaras, ƙaras, har muka yi sallama.

Bayan mun rabu da shi muka zauna a wani benci muna shan ruwan kwakwa.

“Malam, ka isar da gaisuwar Baba kuwa?” in ji Hajiya.

“Bari, Hajiya.”

“Ba zan bari ba. Marigayiya matarsa ta gaya mini tun ina amarya. Ranar da kuka yi masa dariyar nan, da kuka watse bai ci abinci ba. Ta ce ba limancin ne ya dame shi ba, shi da kansa yana cewa ka fi shi karatu. A mai da shi maƙaryaci a ɗakinsa, gaban mutanen da suka ci tuwonsa, wannan ne.”

“Me ya hana ki gaya mini?”

“Sau biyu na gaya maka. Ka ce wasan maza ne, ba ruwan mata.”

Na tuna. Haka na ce.

Na ciro waya na ce bari in kira shi yanzu. Ta dafe hannuna. “A waya ka yi masa laifin? Gaban mutane ka yi masa.”

Sauran kwanakin mun ga abubuwan da har yau nake gode wa Allah da ya nuna mini. Mun je wani tudu inda ƙasa ta fito launi-launi, ja da shunayya da ruwan ƙasa da rawaya, kwance a jere kamar an shanya rinannun zannuwa, ba ciyawa ko ɗaya a kai. Kusa da shi ruwa yana zubowa daga kan dutse mai tsawo, kafin ya kai ƙasa ya zama hayaƙi. A wani lambu mun ga bado mai ganye kamar babban faranti, da baki a naɗe, ɗan tsuntsu yana yawo a kai. Ranar Juma’a muka shiga babban birnin, muka ratsa kasuwa mai ƙamshin kayan yaji, muka yi salla a wani tsohon masallaci fari da kore, da babbar itaciya a tsakar gidansa. Sahu bayan sahu, ɗaruruwan mutane, duk sun fuskanci inda Baba ya ce. Ina jin daɗin kowane abu, amma ina ƙirga kwanakin da suka rage kafin ƙarshen Disamba, ina roƙon Allah kada ya karɓi ɗayanmu, ni ko Baba, kafin in koma.

Mun sauka Landan ranar Alhamis cikin yayyafi. Ranar Lahadi na tafi Tottenham. Yanzu ba a ɗakin kowa muke haɗuwa ba, wani zaure muke haya a saman shago, kuma mukan kai arba’in. Cikin mu bakwai na farko saura uku: ni, da Baba, da wani tsohon direba, wanda shi ne ya fara dariya a wancan ranar. Baba yana zaune a sahun farko da sandarsa a gefe.

Da lokacin La’asar ya yi, ladan ya miƙe zai tayar da iƙama, na ɗaga masa hannu. Na juya na fuskanci jama’a.

Na ba su labarin tun daga tabarmar, na maimaita abin da na faɗa kalma da kalma, ban rage ba. Na ce na je tsibirin da ƙafata, na yi salla ina kallon arewa, na taɓa kunkurun da hannuna, na ga hoton mutum a bayansa. Na ce duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, ni ne na yi masa ƙazafi, kuma na daɗe da sanin rabin haka na yi shiru. Sannan na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Tsohon direban ya sunkuyar da kai. Baba ya dube ni.

“Shekara talatin da biyar daga can zuwa nan,” ya ce. “Liman, da kunkurun aka aiko da ya riga ka isowa.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ya sa gefen rawaninsa ya goge ido. Ya ɗora hannu a kaina.

“Na yafe tun tuni. Amma ina so in ji da kunnena kafin in tafi, ba zan ɓoye maka ba. Yau na ji. Tashi, gwiwanka ba na yaro ba ne.”

“Saura ɗaya, Baba. Wurin nan naka ne.”

“Kai, ni da nake manta abin da na ci da safe?”

“Ko da gajerun surori ne. La’asar ce, ba mai ji.”

Tsohon direban ya tashi ya kama shi ta hagu, na kama ta dama, muka kai shi gaba. Ya miƙa mini sandarsa, ya gyara tsayuwa, ya waiwayo ya dubi sahu kamar yadda yake yi a da.

“Ku daidaita,” ya ce. “Malam, matso, ka bar gurbi.”

Na matsa. Ladan ya tayar da iƙama, Baba ya ɗaga hannu ya yi kabbara, na bi shi.